Yadda Za Ka Kame Hannunka Daga Sayen Kayan Fita Daji Da Ba Ka Buƙata

Akwai wani bakko a saman sif ɗina da mai ɗakina ta raɗa wa suna "kayan yawon duniya". Zolaya ce, kuma na cancance ta. A cikinsa akwai jaket masu kauri guda uku, jakar goyo biyu, fitilar goshi, da wani ɗan tanti da sau ɗaya tak na taɓa kafawa, shi ma a tsakar gida don yara su gani. Da akwai takalmin hawan dutse, amma shi ya riga ya ƙare. A gwanjo na saye shi wata shekara da hunturu ya kankama, na adana shi kusan shekara biyu ina jiran babbar tafiya. Ranar da abokai suka shirya zuwa Tiga na ɗauko shi, na goge, na ɗaure igiya. Ban kai bakin titi inda zan tari adaidaita sahu ba, ƙasansa ya fara zuba kamar an marmasa ƙuli-ƙuli. Na dawo gida na zura tsohon kambas ɗina, da shi na yi yinin gaba ɗaya, kuma babu abin da ya same ni.

Tun daga ranar na fara lura da kaina, na gane cewa ba jaket ɗin nake so ba, ba kuma takalmin ba. Hoton kaina nake so: ga ni a kan dutse da sanyin safiya, jaka a baya, iska na kaɗawa. Sayen kayan shi ne hanya mafi sauƙi ta ɗanɗana wannan hoton ba tare da na tashi daga kan kujera ba. Matakan da ke ƙasa duk a kan doka ɗaya suka tsayu: tafiya ce ke kiran kaya, kaya ba sa kiran tafiya. Da "kai" zan riƙa magana, amma 'yan'uwa mata da ke fita motsa jiki ko yawon buɗe ido, maganar har da ku.

Mataki na farko: zazzage duk abin da ka mallaka a ƙasa

Kada ka yi wannan lissafin a ka, ƙwaƙwalwa tana ɓoye wa mai ita abin da ba ya son gani. Samu wata Asabar, shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ka fito da komai: na cikin sif, na ƙarƙashin gado, na but ɗin mota, har da wanda ka bari a gidan iyaye. Rigunan sanyi, rigar ruwa, huluna, safa, takalma, jakunkuna, gorunan ruwa, tocila, fawa bank, wuƙar aljihu, duk.

Ka kasa su kashi uku. Na farko, abin da ka yi amfani da shi tsakanin hunturun bara da yau. Na biyu, abin da ka taɓa sawa amma ya haura shekara rabonka da shi. Na uku, abin da ko sau ɗaya bai taɓa jikinka ba. Sai ka ɗauki hoton tarin nan uku da wayarka, ka sa masa alama yadda za ka same shi da sauri. Wannan hoton zai yi maka aiki a kasuwa fiye da kowace nasiha. Ni da na yi nawa, gorar ruwa biyar na ƙirga. Baki ɗaya gare ni.

Mataki na biyu: ƙirga fitarka ta gaskiya

Ɗauki biro ka rubuta sau nawa ka bar gari don shan iska a wata 12 da suka wuce. Wadda ka yi niyya ba ta cikin lissafi, sai wadda ƙafarka ta taka. Yawancinmu mazauna Kano idan muka yi gaskiya, abin bai wuce haka ba: hawa Dala ko Goron Dutse idan an yi baƙi, yini ɗaya a bakin dam ɗin Tiga ko Bagauda, sassarfar safiya a titin BUK ko wajen filin wasa na Ƙofar Mata, zuwa ƙauye da Sallah ko lokacin kaka. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne ya leƙa Yankari ko Jos.

Yanzu ka raba kuɗin kaya da yawan sawa. A ce jaket ta naira dubu 40 ce, kuma a shekara safiya goma kacal sanyi ke kaiwa ka sa ta. Kowace safiya ta ci maka dubu huɗu ke nan a shekarar farko. Idan tanti ne na dubu 60 da ka kwana cikinsa sau ɗaya, to daren nan ya fi ɗakin otal tsada, kuma a ƙasa ka kwanta. Ka tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira dubu 70 ne. Sannan kusan duk kayan nan daga waje suke zuwa, da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Abin da ada ake saya da canjin aljihu, yanzu kuɗin cefanen mako ne.

Mataki na uku: kada ka sayi komai sai an sa ranar tafiya

Wannan shi ne ginshiƙin. "Wata rana za mu je Mambila" ba tafiya ba ce, hira ce ta majalisa. Tafiya ita ce wadda aka tsayar mata da rana, aka san su wa za su je, aka san motar da za a shiga, aka san inda za a kwana. Kafin waɗannan huɗu su tabbata, ko safa kada ka saya da sunanta.

Idan sun tabbata, sai ka tambayi wanda ya taɓa zuwa wurin, ba mai sayar da kaya ba. A nan za ka ga jerin naka yana ta raguwa da kansa. Yankari akwai ɗakunan kwana a sansanin Wikki, ba ka buƙatar tanti. Ruwan Wikki ɗumi gare shi rani da damina, abin da zai yi maka amfani gajeren wando ne da tawul. Dala kuwa a tsakiyar unguwa take, akwai matattakala har sama, yaran unguwar da silifas suke hawa su sauko suna tsere. Tiga yini ɗaya ne: tabarma, kular abinci, ruwan sha, hula, shi ke nan. Idan kuma wajen Falgore ko duwatsun Ririwai ake magana, tambayar da ta fi ta takalmi muhimmanci ita ce yaya lafiyar hanya a wannan makon, kuma wa zai raka ku daga mutanen yankin.

Ban ce babu tafiyar da ke neman kaya na musamman ba. Wanda zai hau Chappal Waddi a jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419, zai yi kwanaki a ƙafa cikin sanyi da raɓa, shi kam yana buƙatar takalmi mai kyau da abin kwanciya mai ɗumi. To ya saya, amma bayan an sa rana. Haka ɗalibin da zai tafi karatu Ingila ko Rasha: ya tafi da riga ɗaya da za ta kai shi daga filin jirgi zuwa masauki, sauran ya bari sai ya ji irin sanyin da jikinsa.

Mataki na huɗu: auna kayan da yanayin Kano, ba da yanayin bidiyo ba

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi cin kuɗinmu. Kayan da muke gani a jikin matafiya a YouTube da Instagram, don ƙasashen ƙanƙara da yayyafin da ba ya ɗaukewa aka ƙera su. Mu kuwa abin da muke da shi uku ne: hunturu mai ƙura daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara mai zafin da kan haura digiri 40 a Afrilu, da damina mai ruwan da zai zuba kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu ya ɗauke.

Fara da jaket mai kumburi, wadda aka cusa wa gashin agwagwa ko na dinya. An yi ta ne don sanyin da ruwa ke daskarewa. Sanyin Kano ko a tsakiyar Janairu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma da asuba ne. Kafin ƙarfe goma na safe rana ta ɗaga, kana ta neman inda za ka rataye ta. Ga shi ƙurar hunturu na shiga jikinta, wankinta kuma sai an bi a hankali, idan gashin ya jiƙe ya dunƙule ɗuminta ya tafi. Abin da ya dace da mu shi ne sawa hawa-hawa: singileti, riga, suwaita, sai hular sanyi da safa. Rana na ɗagawa kana cire ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan kana da su a tarin farko da ka kasa ɗazu. Idan babur kake hawa da sassafe, iska ce ke dukanka, don haka siririyar riga mai tare iska a saman suwaita ta fi maka katuwar jaket.

Sai rigar ruwa mai tsada, irin wadda ake liƙa wa alamar Gore-Tex. Dabarar da ke cikinta gaskiya ce: akwai wata siririyar shimfiɗa mai ramuka ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya iya ratsa su amma tururin gumi yana fita. Sai dai tururin yana fita sosai ne idan waje ya fi cikin rigar sanyi da bushewa. A watan Agusta a Kano, iskar waje ɗumi gare ta kuma cike take da laima, saboda haka gumin zama yake a ciki. Ruwan sama bai jiƙa ka ba, naka ya jiƙa ka. Lema da rigar leda mai araha sun biya buƙata, ko ka fake a rumfar mai shayi minti talatin kamar yadda kowa ke yi.

Takalmin hawan dutse kuwa, labarin nawa ba tsautsayi ba ne, kimiyya ce. Da yawansu tsakiyar sol ɗinsu da wani nau'in roba ake yi mai suna foliyuretan. Damshin iska yana shiga cikinsa a hankali yana karya shi daga ciki, zafi yana ƙara wa abin sauri, ajiya ba tare da sawa ba ita ma haka. Takalmi zai yi kyau a ido kamar sabo, alhali cikinsa ya zama gari. Na gwanjo kuwa ba ka san shekara nawa ya yi a ajiye a can ba kafin a ɗaure shi a dila, ya sha zafin kwantena a teku, ya zo ya sha na shago. Irin haka ke samun rigunan ruwa da tantuna: salatif ɗin da aka manne ɗinkinsu da shi ta ciki yakan ɓanɓare, shafen da ke hana ruwa shiga ya yi danƙo ko ya riƙa zuba kamar amosanin ka. Ka ga ke nan, sayen irin wannan kaya don ajiya kamar sayen ƙanƙara ne don ajiya.

Idan zuciya ta dage, ka tuna Bafulatanin da kake gani a gefen hanyar Zariya yana kora shanu. Babu wanda ya fi shi kwana a daji a ƙasar nan. Kayansa sanda ne, malafa, gorar ruwa, takalmin roba, mayafi, da leda idan hadari ya taso. Ban ce ka koma kamarsa ba, rayuwarsa akwai wahalar da ba za mu iya ba. Amma malafar nan tasa ta fi duk wata hular da za ka yi oda tare rana, kuma a Kasuwar Kurmi za ka same ta.

Mataki na biyar: toshe ƙofar waya

Ada sai ka je kasuwa kaya ke ganinka. Yanzu har kan gado suke biyo ka. Manhajojin nan suna lura da abin da ka tsaya kallo. Ka daɗe daƙiƙa goma a kan bidiyon wani yana zazzage jakarsa yana nuna kayan ciki, gobe za a kawo maka irinsa goma, jibi talla ta biyo baya. Ga abin da za ka yi, kuma a zama ɗaya:

Ka daina bin shafukan da aikinsu nuna kaya ne kawai. Ka bar masu nuna wurare da hanyoyi, su tafiya suke sa ka sha'awa. A WhatsApp, ka rufe sitatus ɗin masu sayar da kaya. Ba gaba ba ce, ba za su ma sani ba, kuma lambar tana nan ranar da buƙata ta taso. Ka kashe sanarwar manhajojin sayayya irin su Jumia, AliExpress da Temu, ko ka sauke su gaba ɗaya. Ka goge lambar katinka da aka adana a cikinsu, yadda duk ranar da za ka saya sai ka tashi ka ɗauko katin ka shigar da lambobi ɗaya bayan ɗaya. Wannan 'yar wahalar ta minti biyu ta sha ceto na.

Ka kuma san dabarun da ake yi maka: agogon da ke ƙirga saura awa biyu rangwame ya ƙare, rubutun "saura guda uku", tsohon farashi da aka ja wa layi. Duk don kada ka samu sararin tunani ne. Ka sa wa kanka doka cewa bayan sallar isha ba ka oda. Gajiya da kaɗaici da waya a hannu, su ne suka cika min rabin bakkon nan.

Wani abin dariya: a 2011 kamfanin Patagonia na Amurka ya sayi shafi a jaridar New York Times ranar babban rangwamen ƙarshen Nuwamba, ya sa hoton jaket ɗinsa da rubutun da ke cewa kada a sayi wannan jaket. Cinikinsu ƙaruwa ya yi bayan nan. Mai kaya ko ya ce maka kada ka saya, talla yake.

Mataki na shida: yadda za ka shiga Ƙofar Wambai ka fito da kuɗinka

Gwanjo ya fi intanet haɗari ga irinmu, domin a nan araha ce ke magana. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, Kasuwar Ƙofar Wambai da gefen titunan Sabon Gari sukan cika da rigunan sanyi, har da masu alamar The North Face da Columbia, wasu na gaske wasu na kwaikwayo. Sai zuciya ta ce maka ai wannan tsintuwa ce, a can ƙasarsu kuɗinta ya ninka haka sau goma. To sai me? Abin da ba ka buƙata ko naira ɗari aka sallama maka, asarar naira ɗari ka yi.

Idan dole ta kai ka kasuwar, misali sayen rigunan sanyin yara, ka rubuta abin da ya kai ka a takarda. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai da shi da kuɗin mota, ka bar katin a gida. Tiransfa ce matsala, tunda yanzu kowane mai tebur yana da lambar asusu a manne. Maganinta shi ne tun daga gida ka kwashe abin da ke asusun wayarka zuwa inda ba ka iya taɓawa nan take. Ka guji safiyar da ake buɗe dila, lokacin da jama'a ke wawaso. Ganin wasu na ɗauka kaɗai ya isa ya sa hannunka ya miƙa.

Sannan doka biyu: kada ka gwada, kada ka taya. Da ka zura hannu a jaket ka ji laushinta, rabin ciniki ya faɗa. Tayi kuwa tarko ne da al'adarmu ta ɗana. Mai kaya zai ce, "Alhaji, wannan 'yar Landan ce, ita kaɗai ta fito a dilar. Taya mana, ko nawa ne." Kai kuma don ka kuɓuta sai ka faɗi kuɗin da kake ganin ba zai yarda ba. Zai ce albarka sau ɗaya, ka juya ka yi taku uku, sai ka ji, "Dawo Alhaji, kawo, don kai ne." Shi ke nan, kunya ta ɗaure ka, domin wanda ya taya aka sallama masa ba ya gudu. Amsar da ba ta ɓata wa kowa rai ita ce, "Allah ya kawo kasuwa, Malam, yau ba ita ta kawo ni ba." Ka faɗa kana tafiya, kada ka tsaya. In ka ji ƙafarka na yin nauyi, ciro hoton tarin nan uku ka kalla.

Ka kuma zaɓi abokin rakiya. Akwai abokin da komai ka ɗaga zai ce "wallahi ta yi maka". Shi ka bar shi a gida.

Mataki na bakwai: jerin jira

Wani abin zai maƙale maka a rai duk da haka. Kada ka yi faɗa da shi, rubuta shi. Buɗe shafi a waya ko bayan littafi, ka sa sunan abin, kuɗinsa, ranar da ka gan shi, da tafiyar da za ka yi da shi. Idan layin ƙarshe ya gagara cikewa, ka riga ka samu amsa. Ƙaramin abu ka ba shi daga Juma'a zuwa Juma'a. Abin da ya haura kuɗin cefanenka na mako, ka ba shi kwana 30. Yawanci idan ka dawo kan jerin, sai ka yi mamakin wai kai ne ka rubuta.

Kuɗin da ka so kashewa kuma kada ka bar shi a aljihu, wata ɓarakar zai bi. Tura shi wani asusu na daban, ko ku kafa adashi da abokan fita, ku sa masa suna kuɗin tafiya. Jaket biyu da ba ka saya ba sun kusa kai ka Jos su dawo da kai. Bashi kuwa, musamman na manhajojin nan masu ba da rance cikin minti biyar, kada ka kusance shi a kan kayan shaƙatawa. In da kwaɗayi da wulaƙanci.

Mataki na takwas: aro, haɗaka, gyara

Mutum shida masu fita tare ba sa buƙatar tanti shida, kula shida da risho shida. Ku zauna ku rubuta wa ke da me. Abin da babu a cikinku, ku yi karo-karo ku sayi ɗaya, ku ajiye wajen wanda ya fi kowa tsafta. Aro kuma yana da ladabinsa: ka mayar a wanke, a bushe, a ranar da ka ce, idan ka lalata ka gyara kafin a tambaye ka. An ce kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma na kwana biyu a daji yana rufewa sarai. Aro ma shi ne gwaji mafi araha. Sai ka ari abu sau uku kana jin kunyar komawa na huɗu, sannan ka san naka kake buƙata.

Gyara kuwa Kano gidansa ce. Garin dukawa ne tun kaka da kakanni. Jakar da zif ɗinta ya mutu, tela mai keken jakunkuna zai canza shi kana tsaye. Kambas da ya buɗe baki, mai gyaran takalmi zai zagaye shi da zare ya fi sabo ƙarfi. Wandon kaki na auduga da ya koɗe, ka kai shi karofin Ƙofar Mata ko wajen masu rinin unguwa ya dawo da sabon launi. Sau da yawa abin da muke kira "ya tsufa" gundura ce kawai.

Mataki na tara: idan sayen ya zama dole

An sa rana, ka duba tarinka babu, aro bai samu ba, kwanakin jira sun cika. To saya, ba laifi, amma abu ɗaya, kuma wanda zai yi maka aiki a cikin gari bayan an dawo. Ka fifita abin da ke kare lafiya a kan abin da ke kyau a hoto: takalmin da ya zauna a ƙafa, gidan sauro, isasshen ruwa, tocila mai aiki.

Takalmi ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka sa. Na gwanjo ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka danna farce a gefen sol ɗin. Idan ya tsage, ya yi danƙo, ko gari ya biyo farcenka, ajiye shi. Riga ka juya cikinta waje ka duba ɗinki da salatif, ka ja zif sama da ƙasa sau biyar, ka ɗaga ta a rana ka ga ko akwai huji. Jaka ka sa mata nauyi ka goya, kada ka saye ta babu komai a ciki. Sabon takalmi kuma ka yi mako biyu kana yawo da shi a gari kafin tafiyar, in ba haka ba a hanya zai ci maka dunduniya.

Ka yi hattara da abin da ke biyo bayan saye. Sabon takalmi yakan sa tsohon wando ya yi muni, sabon wando ya kira sabuwar jaka. Don haka duk abin da ya shigo, wani irinsa ya fita a ranar.

Mataki na goma: sallami tari na uku

Koma kan tabarmar nan. Abin da bai taɓa jikinka ba, da mafi yawan na tari na biyu, ba su da dalilin komawa sif, tunda ka ji yadda ajiya ke cinye su. Masu daraja ka sayar, ka zuba kuɗin a asusun tafiya. Za ka faɗi, kuma faɗuwar za ta yi maka zafi, ka bar ta ta yi. Rigunan sanyi kuwa kada ka jira watan Maris. Ka fitar da su a farkon Disamba, lokacin da mai gadin layinku ke kwana a bakin wuta, almajirai na rawar ɗari a ƙofar gida da asuba, ɗan adaidaita na fita aiki da riga ɗaya.

Cikin jaket ɗina uku, biyu sun tafi a hunturun da ya wuce. Baba mai gadi ya karɓi mai kaurin, ya juya ta ya duba aljihunan, ya ce, "Alhaji, ai wannan ko a Jos sai haka." Na ce masa, "Baba, ai ni ban kai ta Jos ɗin ba." Tantin yana wajen wani ƙanena da ke fita da 'yan sikawut, an ce har ya yi faci biyu. Bakkon ya saɓe, yanzu barguna ne a ciki, amma mai ɗakina ba ta canza masa suna ba. Gorunan ruwa kuwa har yau biyar ne, na kasa yanke shawarar wadda zan rabu da ita.